Bajamushen da Ya Zauna a Jinin Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu Yaya Bello kuma Ya karɓi abinSa. Wata huɗu ke nan da muka binne shi a nan Doha. Na rubuta wannan ne domin danginmu na Mubi da Yola da Garwa, da kuma duk wani gida mai irin abin da gidanmu ke ɓoyewa.

Sunana Audu. Ni dillalin kayan gida ne. Ina sayen kujeru da gadaje da firiji daga hannun waɗanda kwangilarsu ta ƙare za su bar ƙasar, in gyara, in sayar wa sababbin zuwa. Shagona yana unguwar Old Airport, sitona a Umm Salal. Sana'ata ita ce in kalli kaya in gane inda ya lalace tun mai shi bai buɗe baki ba. A kan ɗan'uwana kuwa idon nan bai yi mini amfanin komai ba.

Yaya Bello ya girme ni da shekara shida. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya nemo mini kafil na farko, wato mai tsaya wa baƙo a takardun zama, a ɗakinsa na kwana wata uku kafin in tsaya da ƙafata. Direba ne a wani kamfani da ke kai ma'aikata filin jirgin Hamad. Matarsa Hajara da 'ya'yansa biyar suna Mubi. A masaukin kamfani yake kwana, ranar Juma'a kuma ya zo gidana cin tuwon matata Zainabu.

Abin ya fara da gajiya. Mutumin da ba ya zama sai ga shi yana gama cin abinci ya miƙe a kan kafet har la'asar ta kusa kuɓuce masa. Sai yatsu biyu na hannunsa na dama, manuni da na tsakiya, suka riƙa yi masa ciwo a gaɓa, har idan kuka gaisa sai ya ɗan ciji leɓe. Bayan wannan sai fatarsa ta soma duhu.

Dole in yi bayani a kan fatar nan. A unguwarmu a Mubi, gidan Jajaye ake ce wa gidanmu. Dukanmu farare ne, wasunmu har da idanu masu ruwan zuma. A makarantar firamare yara kan bi mu suna cewa 'ya'yan Jamus. Wata rana Yaya ya dawo gida ya tambayi Baba ma'anar wannan, Baba ya yi masa dukan da bai taɓa yi wa kowa ba, daga nan babu wanda ya ƙara tambaya. Amsar da aka koya mana ita ce, kakarmu Bafulatana ce. Da ita muka girma, da ita muka yi aure, ita muka koya wa 'ya'yanmu. Amma kowa a gidan ya san akwai wani abu a bayanta, kamar ɗakin da aka kulle aka jingina masa buhuna.

Don haka ranar da Zainabu ta ajiye masa kwano ta ce, "Yaya, ranar Doha ta ci ka fa, ka yi baƙi," sai ya kwashe da dariya.

"Bar ni, Amarya. Shekara hamsin ina jiran in yi kalar mutane, yanzu da Allah ya amsa za ki tsoma baki?"

Muka yi dariya dukanmu. Ba baƙi irin na rana ba ne, wani toka-toka ne kamar tsohuwar tagulla, har a wuraren da riga ke rufewa. Na gani da idona lokacin da yake alwala. Na kawar da kai.

A mako na biyu na matsa masa muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da shagona. Aka ɗebi jini, aka ce yana da ciwon suga, aka ba shi ƙwayoyi. Muka dawo da sauƙin rai, don suga cuta ce da muka sani. Amma gajiyar ba ta tafi ba. Hajara ta sa maganar a dandalin dangi na waya, kafin azahar shawara ta cika shi. Kowa bakinsa ɗaya: jini ne ya yi masa ƙaranci. A ba shi hanta. A ba shi zogale da alayyafo, a dafa masa zoɓo, a sayo maganin ƙarin jini. Haka muke yi a gida, duk wanda ya yi laushi jini ake ƙara masa, kuma sau da yawa ana dacewa.

Ni na je kantin magani. Na jera kwalabe huɗu a kan kanta na karanta jikinsu ɗaya bayan ɗaya yadda nake yi wa kaya, na zaɓi wanda ya fi kowanne yawan sinadarin ƙarfe, na sayi katan guda don kada ya yanke. Zainabu ta riƙa soya hantar rago tana zubawa a kula, ni nake kai masa masauki da kaina. Idan ya ce ya ƙoshi sai in tsaya a kansa.

"Yalla, Yaya, cinye. Cokali biyu na maganin nan, ina kallo."

"Alhajin gwanjo ya zama likita," in ji shi. "Allah ya tsare mu." Ya kuma sha.

Mako biyar muka yi a haka. A na shida takalmansa suka daina shigarsa, cikinsa ya taso, fararen idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Wata Talata da safe ya sauko daga bas a garejin kamfani ya zube. Abokan aikinsa suka kira ni, na same su a sashen gaggawa na babban asibiti.

Zan faɗi gaskiya a kan asibitin nan ta fuska biyu. Tun hantsi muke kan kujera sai bayan la'asar aka samu gado, kuma babu mai gaya maka abin da ake jira sai ka bi nas kana tambaya. Amma da aka karɓe shi, an karɓe shi. Wata nas 'yar Filifin ta riƙa ce masa Baba, tana juya shi tana shafa masa mai a ƙafa kamar ubanta. Da katin lafiyarsa aka yi kusan komai, abin da ya fita daga aljihuna bai kai abin da na kashe a kan katan ɗin nan da hanta ba. Allah ya saka musu.

A kwana na uku likitan hanta ya zo, wani dattijo ɗan Sudan mai magana a hankali. Ya zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba. Ya ce hantar ta taurare, kuma ba jiya ta fara ba. Ya tambayi Yaya ko yana shan giya. Yaya ya ce ko warinta bai sani ba, ransa a ɓace. Likita ya ba shi haƙuri, ya ce ƙarfen da ke jininsa ya yi yawa ƙwarai, ko akwai abin da yake sha? Na kawo maganar maganin ƙarin jini. Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya ce a daina yau, a daina hantar ma. Sa'an nan ya dube mu mu biyu, ya dubi hannuna da ke kan ƙarfen gado, ya ce:

"Ku gafarce ni da wannan tambaya. A cikin kakanninku akwai Bature?"

Ni na amsa. Ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro.

"Babu. Kakarmu Bafulatana ce."

Yaya yana kallon silin.

Likita ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wata cuta ta gado da ke sa jiki tara ƙarfe, amma a jinin Turawan arewa aka fi saninta, tunda babu, mai yiwuwa maganin da aka ɗura masa da kumburin hantar ne suka ɗaga ƙarfen, za su bi ta wasu hanyoyin. Suka bi. Gwajin ƙwayoyin cutar hanta, hoton ciki, wani hoton kuma a cikin na'ura mai kama da rami. Aka zuƙe masa ruwa daga ciki, aka sallame shi ya dawo gidana, da sharaɗin babu gishiri kuma mu dawo duk mako.

Mako uku ke nan da na saya da kalma ɗaya.

A ɗakin baƙi muka sa shi. Na bar shago a hannun abokin sana'ata, ina leƙawa da safe kawai. Zainabu ta koyi dafa miya ba gishiri ba dunƙule, yana ci yana cewa, "Amarya, wannan miyar laifin me na yi mata?" Ni nake kai shi banɗaki, ni nake yi masa wanka a kan kujerar roba. Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta na riƙa ɗaga shi da hannu ɗaya, duk nauyinsa ya koma ciki.

A cikin makon nan na biyu ne ya fara ganin mutumin. Kullum tsakanin azahar da la'asar, rana tsaka, ɗaki da haske. Da farko cewa ya yi in riƙe gadon, yana tangaɗi. Na ce gado yana nan daram.

"Ruwa ne ke ɗaga shi. Ba ka ji ba? Tun jiya ba mu ga ƙasa ba."

Yaya bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ko kwalekwalen yawon shaƙatawa na bakin teku ya ƙi shiga shekarun nan duka.

A kusurwar ɗakin akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da na saya cikin kayan wani injiniya, ya ƙi sayuwa. Washegari Yaya ya nuna shi da haɓa.

"Audu, ka ba baƙon nan ruwa mana. Tun ɗazu yake zaune."

"Wane baƙo, Yaya?"

"Na kan akwatin. Mai malafar nan. Shi ma cikinsa ya kumbura, dubi. Ba ya jin Hausa sosai, amma ruwa yake so."

Ni mutum ne da ba na ɗaukar irin waɗannan maganganu. Na kira asibiti, suka ce idan hanta ta gaza, dattin jini kan hau kai ya rikita mutum, suka ƙara masa wani magani mai zaƙi da ke sa zawo. Na yarda da wannan har yau. Duk da haka da yamma na sa akwatin a mota na kai shi sito. Kashegari Yaya ya dube ni da idon tausayi ya ce, "Ka ɗauke masa wurin zama. Ga shi nan yanzu a tsaye." Zainabu ta daina shiga ɗakin ita kaɗai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a mota na kira Goggo Dije, ƙanwar Babanmu, ita kaɗai ta rage a sahunsu. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take ce mini. Na gaya mata abin da likita ya tambaya da abin da na amsa.

"Ka kyauta," ta ce. "Haka ake cewa."

"Goggo, Yaya yana ganin wani mutum mai malafa a ɗaki. Ya ce cikinsa a kumbure yake."

Sai na ji ta ce wa wata jikarta ta fita ta ja ƙofa.

Abin da ta gaya mini daga bakin kakarta Asabe ta ji shi, wadda ta yi tsawon rai har Goggo ta yi wayo a gabanta. A zamanin da Jamus ke riƙe da ƙasarmu, jiragen ruwa kan kawo mutanensu bakin teku, wasu sojoji, wasu 'yan kasuwa, wasu kuma talakawa ne da ƙasarsu ta ƙi su. Namu yana cikin na ƙarshen. Ya zo da matarsa da akwatuna da murhun ƙarfe da irin shuka a ƙulle cikin tsumma. Makonni suka yi a kan ruwa, matar tana amai tun daga tashi har sauka, kuma ba ta ga damina biyu ba zazzaɓi ya kashe ta. Bai koma ba, wataƙila babu inda zai koma. Ya biyo kogi zuwa Garwa, daga nan ya biyo fatake har Mubi, ya kafa kanti yana sayen fata da ƙaro, yana sayar da gishiri da yadi. Shukar da ya zo da ita duk ta ƙone. Turawan bariki ba su ɗauke shi a bakin komai ba, mutanen gari kuma suna tsoronsa don ƙasarsu ce ke da bindiga. Asabe 'yar wani bafatake ce da ke kai masa fata. Ta shiga gidansa tana budurwa.

"An ɗaura aure?" na tambaya.

"Abin da ba a sani ba ke nan, Babana. Ita ta ce an ɗaura, wani malami ya karanta fatiha a zaure. Gari ya ce ba a ɗaura ba, wa zai hana Bature abin da ya gani yana so? Ka gane yanzu abin da ubanka ke duka?"

Ta haifa masa biyu, Audu da Ladi. Da suka girma mutane suka riƙa ja da baya wajen haɗa zuri'a da su, har suka samu na nesa. Da 'ya'yansu suka tasa sai aka ga gara a rufa wa juna asiri, aka haɗa ɗan Audu da 'yar Ladi. Su ne Babanmu da Innarmu. Na san iyayena auren zumunci suka yi, ban taɓa tambayar ta ina zumuncin ya haɗu ba.

"Shi kuma yaya ya ƙare?"

"Baƙi ya yi. Kaka ta ce kamar an shafa masa toka da mai. Cikinsa ya yi kamar tulu. Gari ya ce ƙasar ce ta kama shi. Abu ɗaya ke ba shi sauƙi, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, ya kwana biyu yana jin dama. Daga nan ne mazan gidanmu suka ɗauki ƙaho duk wata, ana cewa jininmu mai nauyi ne. Shi Bello yana yi?"

Yana yi, har ya baro gida. A nan sai ka yi rajista a wurin masu hijama, wato masu ƙahon nan, ka jira rana, ga aikin bas ba hutu. Da ya yi ƙorafi a shekarar farko da zuwana, ni na ce masa ya bar wannan al'adar ƙauye.

"Kada ka kai wannan magana asibiti," in ji Goggo. "Muna da 'yan mata a gida."

Ranar Lahadi da safe ina bakin ofishin likita tun kafin ya iso. Na gaya masa a tsaye. Na ce na yi masa ƙarya, akwai Bajamushe, kuma ta wajen uwa da uba duka. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya rubuta takardar gwaji kawai, ya ce sakamako zai ɗauki kwanaki. Kwana goma sha biyu muka jira, a cikinsu aka sake zuƙe ruwa, Yaya ya koma gadon asibiti.

Sunan cutar ya zauna mini don na sa likita ya rubuta mini a bayan katin shagona: hemokromatosis. Ya ce sai mutum ya gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya take kama shi. Jiki ya riƙa kwasar ƙarfe daga abinci ba ya zubarwa, shekara da shekaru, yana jibge shi a hanta da zuciya da gaɓoɓi. Sugan ma daga nan ne, duhun fatar ma daga nan ne. Na tambayi magani. Ya ce idan an gano da wuri, maganin mai sauƙi ne ƙwarai: a riƙa ɗibar jinin mutum ana zubarwa, ya rayu kamar kowa.

Yaya yana cikin hankalinsa ranar. Ya yi murmushi ya ce da Hausa, "Ka ji, Audu. Wanzami ne ashe, mai digiri." Na fassara wa likita, har da labarin ƙahon gidanmu. Ya ce jinin da ƙaho ke fitarwa kaɗan ne, ba zai ce ya isa ba, ba zai kuma ce bai taimaka ba.

Sau biyu kawai aka iya ɗibar masa, kaɗan-kaɗan, jikinsa ya ƙi ɗauka. Hoton da aka sake ya nuna wani tsiro a hantar. Aka yi maganar dashen hanta, aka duba zuciyarsa, aka bar maganar. A baranda likita ya dafa kafaɗata ya ce makonnin da na ɓata ba su suka kawo mu nan ba, ɓarnar ta shekaru ce, maganin ƙarin jinin ma ƙarashe ya yi. Na gode masa. Amma ni dillali ne, na san muryar da ake yi wa mutum idan ana so ya tafi gida da sanyin rai. Ko gaskiya ya faɗa, ni na zaɓi kwalbar nan, ni na tsaya a kansa yana sha.

Mun nemi a kawo Hajara, takardun ba su fito a kan lokaci ba. Ta waya suka yi sallama, ina riƙe masa ita a kunne. Bayan ya gama ya ce in matso.

"Ka daina wannan fuskar. Da a ce kai ka yi shiru ranar da likita ya tambayi asalinmu, ni ma abin da zan ce ke nan."

"Yaya, ka yafe mini."

"Halas, na yafe. Saurara. A gwada yarana. A gwada naka. Kai ma ka je, na ga kana murza yatsun nan." Ya huta. "Kuma kada ka sa ni a akwati ka kai ni gida kamar firiji. Inda mutum ya faɗi nan ne ƙasarsa."

Na tambaye shi ko baƙon yana nan. Ya juya ido wajen taga ya ce yana nan, amma ya daina neman ruwa, kallo kawai yake yi. "Ina jin bai san shi ya kawo ba," in ji shi. "Shi ma ɗauko masa aka yi."

Ya rasu ranar Talata bayan azahar, mako na goma sha tara daga ranar da muka fara zuwa asibitin kuɗi. Direbobi da masu gadi 'yan gida suka cika sahu uku a sallar jana'izarsa, wasu da kayan aiki a jikinsu. Allah ya saka wa kowa, Allah ya jiƙansa ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na yi gwajin. Ina da ita. Hantata ba ta taɓu sosai ba tukuna. Duk ranar Alhamis nake zuwa a ɗebi jini leda guda, in zauna ina kallonta tana cika, baƙi-baƙi, da ɗumi. Tun da na fara sana'a nake shiga gidajen Turawa ina taya kayansu, ban taɓa kallon fuskarsu da wata manufa ba. Yanzu idan dattijo ya buɗe mini ƙofa sai in tsinci kaina ina duba yatsunsa. Shi wancan ya hau ruwa ya je ƙasar da ba tasa ba neman abinci, ya mutu a can da cikinsa a kumbure. Mu muka hau sama muka zo ƙasar da ba tamu ba neman abincin. Wani lokaci tsakanin azahar da la'asar, idan ni kaɗai ne a sito, ba na son juya wa kusurwar da akwatin yake baya. Na sa masa kuɗi ƙasa da abin da na saya, har yau babu wanda ya taya.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ba duk mai gajiya ne jini ya yi wa kaɗan ba, kada a ba mutum maganin ƙarin jini sai an gwada. Idan fata ta canza launi har a ƙarƙashin riga, a tafi asibiti. Kuma idan likita ya tambayi asalinka, ba surukinka ba ne, ba neman aure ya zo ba. Ka gaya masa.

Saura maganar dangi. Na gaya wa Goggo zan sanar da kowa, ta ce idan na yi ba ni ba ita. Wata biyu ba ta ɗaga wayata ba. Na sa an gwada 'ya'yan Yaya a Yola a ɓoye, amma zuriyar Audu da Ladi ta bazu, an yi ta auren zumunci a cikinta, kuma babu wanda ya san rassanta duka sai ita.

Ranar Asabar da ta wuce da hantsi ina shago sai ga kiranta. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Babana, kana da biro?"

"Ina da shi, Goggo."

"Ɗan Ladi ƙarama na Garwa, an ce ƙafafunsa sun kumbura. Shekararsa arba'in." Ta ja numfashi. "Rubuta. Ka fara daga sama. Yohan, haka Kaka ke faɗa, ban san ko daidai ne ba. Ban taɓa furta shi ba sai yau. Ƙarƙashinsa ka sa Asabe. Ka rubuta matarsa."

Na rubuta matarsa. Ta shiga jero gidaje, wane ya haifi wane, wance tana aure a wuri kaza, na cika bayan takardar rasit na ɗauko wata. A tsakiya ta tsaya.

"Kaka ta ce da zai mutu ya roƙa a binne shi inda zai riƙa jin ƙarar ruwa. Aka kai shi bayan gari cikin duwatsu, don ba a san a wace maƙabarta za a sa shi ba. Inda kuka sa Bello, an ce garin naku a bakin teku yake. Ana jin ruwan daga nan?"

"A'a, Goggo. Da nisa. Rairayi ne kawai."

Ina jin kaji a tsakar gidanta.

"To," ta ce. "Ina muka tsaya? Gidan Sa'adu. Su bakwai ne, rubuta."